Takardun ƙungiyoyin gwagwarmaya a Maraɗi: inda suke salwanta da yadda ake tsare su

Wanda ya tashi rubuta tarihin wata zanga-zanga da aka yi a Nijar, abin da zai fi samu cikin sauƙi shi ne abin da hukuma ta rubuta a kanta: rahoton ƴan sanda, wasiƙar da mai mulkin yanki ya aika Yamai, takardar hana jerin gwano, hukuncin kotu. Hukuma tana da ofis da ma'aikacin da ake biya albashi don ya jera takardu. Ita kuwa ƙungiya, sau da yawa ofishinta bai wuce jakar magatakarda ba. In shekara 30 ta wuce, sai a tarar bakin wanda ya hana taron ne kaɗai ya rage a rubuce.

An ga haka a kan Sawaba, jam'iyyar Djibo Bakary da ta yi kiran a jefa ƙuri'ar a'a a zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, aka haramta ta a 1959. Bayan haramcin, a samu mutum da takardar jam'iyya ya isa ya jawo masa ɗauri, don haka ba wanda zai zargi magoya bayanta da suka rabu da abin da ke hannunsu. Masu bincike da suka zo daga baya sun dogara ne da rahotannin tsaro da ke ma'ajiyar takardun ƙasa a Yamai da na Faransa, sannan da hira da dattawan da suka rage. Na baya-bayan nan ma hanyar da suke bi ke nan. Kowa ya san 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka buɗe wa ɗaliban USN, ƙungiyar ɗaliban Nijar, wuta a gadar Kennedy, da jerin gwanon mata na 13 ga Mayu 1991, da babban taron ƙasa da André Salifou ya jagoranta daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na shekarar. An san yajin tsadar rayuwa na 2005, lokacin da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi aka rufe kasuwanni a manyan birane, da kuma adawa da tazarce a 2009. Amma kusan duk labarin daga Yamai ake ba da shi. Abin da reshen malaman makaranta na Maraɗi ya yanke a taronsa, wanda ya lallashi ƴan kasuwa suka rufe rumfuna, da yadda aka isar da kira har Tibiri da Madarunfa, wannan yana cikin wasu kwalaye a ɗakunan tsoffin shugabanni, in gara ta bari.

Kafin a yi maganar kwali da kwamfuta, ya kamata a san me ake nema. Mutane sun fi ɗaukar sanarwar ƙarshe da aka karanta wa ƴan jarida a matsayin abin adanawa, alhali ita ce ta fi sauƙin samu a wani wuri, tunda jaridu da gidajen rediyo sun ɗauka. Abin da ba ya da na biyu shi ne daftarin da aka yi ta gogewa ana gyarawa kafin a kai ga sanarwar, da littafin bayanan taro inda ake ganin wa ya ce a fita wa ya ce a dakata, da wasiƙar sanar da magajin gari hanyar da za a bi tare da amsar da ya bayar. Sai littafin kuɗi, wanda aka fi rainawa. Duk ƙungiyar da ta taɓa fita titi an zarge ta da karɓar kuɗin wani, kuma littafin da ya nuna wane ya ba da jika biyu, an yi hayar lasifika, an sayi yadin rubuta kyalle, shi kaɗai ke iya amsa wannan zargin ko ya tabbatar da shi.

Akwai kuma wata matsala ta musamman a nan. Takardun ƙungiyoyinmu da Faransanci ake rubuta su, amma taron da Hausa ake yinsa. Magatakarda yana taƙaita gardamar awa uku a layi biyar na harshen da rabin mahalarta ba sa karantawa. Matan kasuwa, mahauta, direbobin tasha da ƴan kabu-kabu, waɗanda su ne ke cika titi, da wuya a ga sunansu a takarda. Muryarsu tana cikin kaset ɗin muhawarar rediyo, da waƙoƙin da aka rera, da saƙonnin murya na waya, wani lokaci da wasiƙun ajami. Ma'ajiyar da ta tsaya a takardun Faransanci kaɗai ta adana tarihin ƴan boko ne na ƙungiyar.

Hanyoyin salwanta sanannu ne. Ana zaɓen sabbin shugabanni, tsohon magatakarda ya tafi da takardu gida saboda ba wanda ya ce ya miƙa. Ƙungiya ta dare biyu, kowane ɓangare ya riƙe abin da ke hannunsa. Kuɗin haya ya gagara, mai gida ya fitar da kaya waje. An kama wani, sauran suka ƙona abin da suke da shi cikin dare. Mafi yawa kuma, mai riƙe da takardun ya rasu, a wajen rabon gado ba wanda ya ɗauke su dukiya, sai su ƙare a hannun mai ƙosai ko mai tsire.

Saboda haka aikin farko na zama ne da rubuta yarjejeniya. Takardun da mutum ya rubuta a matsayinsa na magatakarda na ƙungiya ne, littafin da yake rubuta tunaninsa kuma nasa ne, kuma galibi a cakuɗe ake samunsu. A rubuta takarda shafi ɗaya da ta faɗi wanda ya bayar, abin da ya bayar, kyauta ce ko ajiya ce da zai iya karɓa, wa aka yarda ya karanta, da abin da za a yi in ya rasu. Shi da wakilin ƙungiya su sa hannu gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. In ya ƙi sakin na asali, kada a matsa masa, a nemi izinin ɗaukar hoto a gidansa. Dattijon da aka yi wa gaggawa yakan rufe ƙofa, ya kuma gaya wa abokansa su rufe.

Abu na biyu ya fi kowane nauyi: takardun nan suna iya cutar da mutanen da ke raye. Jerin mambobi da lambobin waya, sunan ma'aikacin gwamnati da ya ba da gudummawa a ɓoye, gidan da aka yi taron sirri, hoton da ke nuna fuskar wanda ya ƙona taya, duk hujja ce in ta faɗa hannun mai neman hujja. Tun 2019 Nijar tana da dokar laifukan intanet da aka gurfanar da ƴan jarida da ƴan farar hula a kanta saboda abin da suka yaɗa, don haka saka tsohuwar takarda a Facebook ma sai an yi tunani. Tun ranar karɓa a raba kaya gida uku. Abin da dama an yi shi don jama'a, kamar takardun kira da kyallaye da sanarwa, a buɗe yake. Abin cikin gida, kamar bayanan taro da wasiƙu, sai da izinin ƙungiya. Abin da ke ɗauke da sunaye da sirrin mutane a rufe shi na adadin shekarun da aka rubuta a yarjejeniya, 25 ko 30 ko har mai sunan ya rasu, kuma kada a ɗauki hotonsa a saka a kwamfutar da ke hawa intanet. Wasu kan ce a ƙona wannan kashin kawai a huta. Wani lokaci suna da gaskiya, kuma ran mutum ya fi takarda. Amma shawarar ta masu sunan ce da shugabannin ƙungiya, kuma in an ƙona a rubuta cewa akwai jerin mambobi na shekara kaza, an lalata shi ranar kaza bisa dalili kaza, don mai bincike na gaba ya san akwai giɓi.

Sai tsari. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya suka fi yi shi ne su zazzage kwalayen mutum biyar wuri ɗaya su sake jerawa bisa maudu'i, na ilimi nan, na albashi can. Wannan yana kashe hujja. Takardar kira da ba ta da kwanan wata ko sa hannu, kuma yawancinsu da gangan aka bar su haka, ana gane lokacinta ne daga wasiƙun da aka same ta a tsakaninsu. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce kayan kowane mutum ko reshe su zauna daban, a kuma bar su a jerin da aka same su. A ba kowane mai bayarwa harafi, kowane kwali lamba, kowace jaka lamba, kamar B/3/12. A buɗe babban littafi a rubuta lambar, abin da ke ciki a layi biyu, shekarar farko da ta ƙarshe, yawan shafuka, harshe, da kashin da yake ciki na ukun nan. In an kimanta kwanan wata ne, a rubuta a bayan jakar cewa kimantawa ce da dalilinta. Da fensir kawai ake rubutu kusa da tsohuwar takarda, biro yana ratsawa kuma ba ya goguwa. Hotuna kuwa a kai wa dattawa biyu ko uku, kowa daban, su faɗi wuri da shekara da mutanen da ke ciki, a rubuta har da inda suka saɓa.

Yanayin Maraɗi yana cin takarda ta fuska uku: zafin bazara da ke haura digiri 40 yana busar da ita har ta riƙa karyewa, ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, danshin Agusta kuma yana kawo fumfuna. Littattafan sana'ar adana takardu suna son ɗaki mai sanyin digiri 18 zuwa 20 da danshi kashi 35 zuwa 50 cikin 100, wanda ba ƙungiyar da za ta iya riƙewa da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kunnawa da rana a kashe da dare ma ta fi rashinta illa, saboda hawa da saukar zafi ke sa takarda ta riƙa kumbura tana motsewa. A zaɓi ɗakin ciki mai rufin daɓe ko silin, wanda ba ya kallon rana, nesa da kicin da banɗaki. A sayi ɗan ƙaramin ma'aunin zafi da danshi a rataye. In danshi ya haura kashi 65 ya zauna kwanaki, fumfuna na tafe, sai a kunna fanka iska ta zaga, a buɗe kwalaye a duba.

Kanta ta ƙarfe ake so, kwalin ƙasa ya ɗaga daga daɓe aƙalla santimita 15, a bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango don a ga hanyar gara da zarar ta fara gini. A unguwannin da ke gangaren Gulbi a ɗaga fiye da haka sosai. Ambaliyar 1945 ce ta tashi tsohon gari aka koma kan tudu, kuma damunar 2024 ta rushe gidaje da yawa a cikin birnin. Akwatin ƙarfe yana hana ɓera da kyankyaso, amma a shimfiɗa farin yadi a ciki kada takarda ta taɓa tsatsa. Ganyen dogon yaro da ake sakawa yana ɗan korar ƙwari, a ƙulle shi a tsumma don kada ya bar tabo, sai dai ba ya tare gara. Kada a fesa maganin ƙwari a kan takarda. In an ga ƙwari a cikin wani ƙunshi, a sa shi a leda a fitar da iska a ɗaure, a saka a firizar da ke kai digiri 18 ƙasa da sifiri na mako biyu, sannan a fitar a bar shi a ledar kwana ɗaya kafin a buɗe, don raɓar ta kwanta a bayan leda.

A cire duk ƙarafan da aka ɗinke takardu da su, da roba, a maye su da farar takarda da aka ninke. Kada a liƙa salatif a wurin da ya yage, gam ɗinsa yana komawa ruwan ƙasa ya ratsa rubutu. Rufe takarda da leda a injin zafi, wanda masu shagon kwafi ke tallatawa a matsayin kariya, ɓarna ce da ba ta gyaruwa. Ledar saka takardu mai laushi ita ma tana manne da tawadar kwafi ta ɗauke rubutun. Takardar na'urar faks da rasit mai santsi suna gogewa da kansu cikin ƴan shekaru, haka shuɗin rubutun tsohon injin juya takardu in haske ya same shi, don haka su za a fara yi wa kwafi. Kyallen zanga-zanga a naɗe shi a jikin bututu da aka lulluɓe da yadi, fenti yana waje, kada a ninke. In ruwa ya shiga, awa 48 ake da ita kafin fumfuna ta kama: a baza a inuwa da fanka, a saka busasshiyar takarda tsakanin shafuka ana canzawa, a raba hotuna tun suna jiƙe kafin su manne. Shanyawa a rana tana murɗe takarda ta kashe tawada.

Kaset ya fi takarda gaggawa, saboda na'urar da ke karanta shi ce ke ƙarewa a kasuwa. Kafin komai a karya ƴan haƙoran nan biyu na samansa don kada a yi kuskuren naɗa wani abu a kai. A duba ɗan soson da ke bayan zaren yana nan. A goge kan na'urar da auduga da sifirit, a gwada ta da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, sannan a tura na gaske gaba har ƙarshe a dawo da shi sau ɗaya don zaren ya saki. A haɗa da kwamfuta ta waya a ɗauki kowane gefe ɗungurungum ba yankewa, a tsarin WAV, 48 kHz da bit 24. Kaset mai minti 90 zai ci kusan gigabait ɗaya da rabi. Kada a tace ƙara a wannan kwafin na asali, a yi wani na MP3 don saurare. A ɗauki hoton rubutun bayan kaset ɗin, a ajiye shi a tsaye nesa da lasifika.

Hira da waɗanda suka yi gwagwarmayar ita ke cike abin da takarda ta bari. A fara da naɗar amincewar wanda za a yi hirar da shi da bakinsa, da sharaɗin da ya gindaya. A kashe fanka, a ajiye na'ura kamar kamu biyu daga bakinsa, kada zama ya wuce awa ɗaya da rabi. A tafi da kwafin wata takarda ko hoto a miƙa masa, yakan tuna abin da tambaya ba za ta fito da shi ba. A rubuta hirar da Hausar da ya yi ta kafin a fassara. In ƙungiyar ta taɓa rabuwa a ji ɓangarorin biyu, kuma a nemi matan da suka yi aikin, kada a tsaya a kan waɗanda suka riƙe muƙami.

Ɗaukar hoton takardu shi ne aka fi ɗoki, kuma shi ya kamata ya zo bayan an gama lissafa su, in ba haka ba a tara hotuna dubu goma da ba wanda ya san na mene ne. Takarda a ɗauke ta a digo 300 a kowane inci, hoto a 600, a ajiye na asali a tsarin TIFF, na rabawa a PDF. Shafi ɗaya mai launi yana cin kusan megabait 25, shafi 1000 ke nan gigabait 25. In da waya za a ɗauka, a kafa ta a kan abin da zai riƙe ta tana kallon ƙasa, a hasken inuwa, ba filasha. Sunan kowane fayil ya fara da lambar jakarsa, sai shekara da wata da rana.

Ƙungiyoyin yau kuwa kusan duk tarihinsu yana cikin WhatsApp, kuma ya fi na 1990 saurin ɓacewa: waya ta faɗi, an sace, an ƙwace, ko an goge don wuri ya cika. WhatsApp yana bari a fitar da hirar rukuni, amma iyakarsa saƙo 40,000 na baya-bayan nan in ba hotuna, 10,000 in da su, don haka a riƙa fitarwa duk wata uku da kuma bayan kowane babban taro. Hoton da aka tura ta hanyar da aka saba an matse shi an cire bayanan ranar ɗauka, a nemi na asali daga wayar da ta ɗauka ta kebul, ko a turo shi a matsayin fayil. Sai dai na asalin yana iya ɗauke da wurin da aka tsaya aka ɗauka, shi ya sa wanda za a raba wa jama'a dole a cire masa wannan. Tun Fabrairu 2025 Facebook yana goge bidiyon kai tsaye bayan kwana 30, wanda bai sauke nasa ba ya rasa. Hirar rukuni kuma tana ɗauke da lambobin mutanen da ba su san ana adana maganarsu ba, wurinta kashi na uku ne, a faifan da aka kulle da kalmar sirri da mutum biyu kaɗai suka sani.

Kwafi uku ake yi, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari, Tasawa ko Damagaram ko Yamai. Ƴar filashi da katin memori na ɗaukar kaya ne zuwa wani wuri, ba a dogara da su na shekaru. Faifan ajiya na waje a sauya shi duk shekara 5 ko da yana aiki. A fitar wa kowane fayil lambar tantancewa ta SHA-256 a ajiye jerin, sau ɗaya a shekara a sake lissafawa a gwada, in lamba ta canza fayil ya lalace sai a maye shi daga wani kwafin. An taɓa ganin amfanin ajiya a wani wuri: cibiyar tarihin ƙwadago da aka kafa a Amstadam ta ƙasar Holan a 1935 ta tura mafi darajar takardunta Ingila kafin yaƙin duniya na biyu, sojojin Jamus suka ƙwace abin da ya rage bayan sun mamaye ƙasar a 1940.

Saura inda kayan za su zauna na dindindin, tunda ƙungiya ma tana mutuwa. Ma'ajiyar takardun ƙasa ta fi kowa sanin aikin, amma ta gwamnati ce, kuma ba kowace ƙungiya za ta miƙa mata bayanan taronta ba. Akwai Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a nan Maraɗi, da cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, da CELHTO mai kula da tarihin baka a Yamai. A Kano an mai da gidan Malam Aminu Kano, Mambayya, cibiyar nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, abin da ya nuna jami'a tana iya riƙe gadon ƴan adawa. Ko wacce aka tunkara, a je a ga ɗakin da idanu, a tambayi wa ke riƙe da makulli, da abin da za su yi in hukuma ta nemi a buɗe mata abin da aka rufe. A fara da ba su kashi na farko da kwafin na biyu a matsayin ajiya ta shekara 5 da za a iya sabuntawa, na uku ya zauna hannun amintattu biyu da babban taron ƙungiya ya zaɓa. Cibiyoyin ƙasashen waje a ba su kwafi in suna so, na asali ya zauna a gida. Sannan a ƙara layi ɗaya a dokokin ƙungiya: duk shugaban da wa'adinsa ya ƙare zai miƙa takardu da kalmomin sirrin shafukan ƙungiya cikin kwana 30, da jerin abin da ya miƙa, shi da magajinsa su sa hannu.